Ranar da Baba Ya Tuba a Zurmi

Ni dai tun ban san dama da hagu ba nake wasan kwaikwayo. Ina goye aka fara nuna ni a talabijin, kuma har gobe Inna tana cewa ba ta taɓa aiki da ɗan wasa mai taurin kai irina ba. Inda ake son in yi kuka sai in ƙyalƙyale da dariya, inda ake son shiru in tsala ihu. Shi ya sa in wani ya ce karambani nake yi, sai in ce masa gado ne, ya je ya tambayi kakarsa.

Iyayena su ne miji da matar nan na wasan da ake nunowa duk mako daga Sakkwato, zamanin da akwatin talabijin ɗaya ke isar unguwa guda. Baba shi ne mugun miji. Zai shigo gida da hula a karkace har ta kusa rufe masa ido ɗaya, ya shuri buta, ya buɗe kwano, ya ɗanɗani miya ya ce ba gishiri, ya kifar da ita. Inna kuma ita ce matar da ba ta ɗaga kai, sai dai ta durƙusa tana kwasar tuwo a ƙasa hawaye na zuba. Ba mai kiran ta da suna a ƙasar nan, “baiwar Allah” kowa ke ce mata. Shi kuwa Baba, sunayen da ake kiran sa da su ba za su rubutu ba.

Abin dariyar shi ne, a gida Inna ce mai tsawa. Baba mutum ne da in ya ga tsaka a bango sai ya fita tsakar gida ya kira Inna. Kuma yayyena sun ce duk muguntar nan ita ke tsara masa. Suna cikin shan koko za ta ce, “Malam, satin ga akuyata za ka saida ka sai rediyo.” Ya ce, “Haba Hajiya, mutane kashe ni za su yi.” Ta ce, “To su kashe ka mana, ba aikin ke nan ba?”

An daina wasan ina ƙarami, muka dawo gida Kaura, amma mutane ba su daina ba. Da idona na ga wata mai daddawa a kasuwa ta rufe kwaryarta da faifai ta ce ba za ta sayar masa ba, ya je ya ci miya lami yadda yake sa baiwar Allah kuka. Baba ya dawo gida bakinsa har kunne, tun daga zaure yake kira, “Hajiya! Hajiya! Har yanzu aikinmu na ci!” Ranar har tsire ya saya mana.

Abu ɗaya ne ba a raha da shi a gidanmu, wato maganar mahaifiyar Inna. ’Yar Shinkafi ce, ta rasu ina goye, Inna na can Sakkwato wurin ɗaukar wasa, ko da ta iso an riga an kai ta makwancinta. In aka ambace ta, Inna kan tashi ta shige ɗaki, Baba kuma ya hau gyaran rediyon da ba abin da ya same shi.

Ni kuwa da na tasa, haushin sunansu nake ji, wallahi. Ina karatu a makarantar poli na fara waƙa, a wani shago bayan tasha da muka liƙe bangonsa da tsofaffin katifu don kada ƙarar babura ta shiga. Janareta ya ɗauke, mu sake, ya ɗauke, mu sake. A haka wata waƙata ta soyayya ta kama gari. Masu tura waƙa a waya suka yi ta cin kasuwa da ita, ka shiga keke napep ka ji ni, ka je wurin mai shayi ka ji ni. Kai, har wata rana wani direba ya ce in yi masa shiru, ina ɓata masa waƙar da wannan muryar tawa! Daga nan masu fim suka neme ni. Da suka kalli fuskata sai suka ce mugun miji zan fito, na ce ko da kuɗin duniya. Saurayi mai kuka a gindin bishiya na zaɓa, kuma na yi kukan nan a finafinai har na gode Allah.

Duk da haka, duk inda na je sai mai gabatarwa ya fara ambaton iyayena kafin ni. Na taɓa yin waƙa a wani biki har rigata ta jiƙe sharkaf, na sauko ina jiran yabo, wani dattijo ya kama hannuna ya ce, “Yaro, ya jikin mahaifiyar taka? Yana dai dukanta?” Ranar na rantse ba zan ƙara cin abinci da sunansu ba, ko a ina.

A wani biki a Shinkafi na gamu da wadda ta zama sanadin wannan labari. Mata na ta rawa suna liƙi, ita tana zaune a gefe tana cin waina hankali kwance, ko kallon inda nake ba ta yi ba. Abin ya tsaya mini a rai. Da aka tashi na je na tambaye ta ko waƙar ce ba ta yi mata ba. Ta goge hannu ta ce, “Muryarka ba laifi, amma injin ne ke yi maka rabin aikin.” Na ce wannan ko ana ha maza ha mata sai na aure ta.

Malamar firamare ce a Zurmi. Muka daidaita, kawunnaina suka je da goro, mahaifinta ya karɓa da murna. Saura abu ɗaya, in je in gaida kakarta. Ita ta rene ta tun rasuwar uwarta, kuma mahaifin yarinyar, duk da furfurarsa, ba ya ƙetare maganar tsohuwar nan. In ta ce a’a, to an gama.

Na kama hanya da hantsi, don hanyar Zurmi ba a yi mata yamma. Na sha shadda, na yi wanka da turare, na ɗora hula, ga sabulai da atamfa da goro a leda. Ban ko san na karkata hular ba, haka kaina yake ɗaukar ta tun ina yaro. Na sami tsohuwa a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, ’yar ƙarama da ita, idanu kar. Ta tarbe ni da wasan kaka yadda aka saba. “Wanga ai mijina na, ba na ɗiyar ga ba. Ina kuɗin cefanena?” Na ce ga su nan tafe a tirela. Muka yi dariya, na ce a raina an wuce wurin.

Sai ta ce, “Mi kake yi na sana’a?”

Na gyara zama na ce waƙa da fim. Na ambaci waƙar tawa da ta kama gari, har na ɗan rera mata baiti. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta ta ce ba ta taɓa ji ba. Ni! Wanda ake ji a kowace keke! Raina ya sosu, shaiɗan ya hau kaina, na manta da rantsuwata. Na ce, “To Iya, in ba ki san ni ba, ai kin san iyayena.” Na faɗa mata ko su wane ne, ina murmushi ina jiran guɗa. Baki shi ke yanka wuya.

Gyaɗar ta faɗi daga hannunta. Ta kalli fuskata, ta kalli hular, ta ce, “Matso.” Na matsa. “Kai na jaririn da yah hana a sai ma magani, yat tahi yas sai sabuwar hula?”

Na ce, “Iya, ai wannan…”

“La’ilaha illallahu! Ashe ka rayu!” Ta fashe da kuka, tana shafa kaina tana sa mini albarka. Ta ce sati guda ta yi ba ta ci tuwon kirki ba saboda ni. Ina cikin jin daɗi, sai ta share hawaye, ta sa ƙafa ta turo mini ledata. “Allah shi raya ka, yaro, amma ɗiyata ba ta shiga gidan ga. Barewa ba ta gudu ɗanta shi yi rarrahe. Ga hular nan ma ka taho da ita.”

Na ce wasa ne, wasan kwaikwayo, shiryawa ake yi. Ta ce, “Wasa? Miyar ba ta zube ba? Da idona nig gani.” Na ce ta zube. Ta ce, “Matatai ta ko ba matatai ta ba?” Na ce matarsa ce ta sunna. Ta ce, “To!” Ta juya mini baya.

A zaure yarinyar ta same ni, rabi dariya rabi hawaye. Ta ce a zamanin, gidan wani attajiri ake fito da akwatin a haɗa shi da batirin mota, matan unguwa su taru, kuma kakarta ce ke fara zuwa ta ƙarshen tashi. Ta rage murya ta ce, “Kakana haka yake, sak irin Babanka na cikin wasan. Har ya mutu bai taɓa ce mata yi haƙuri ba.” Sannan ta ce in san yadda zan yi, don ita ba za ta yi auren da tsohuwar nan ba ta sa wa albarka ba.

Na dawo Kaura zuciyata kamar ta fashe. Na zayyana musu komai, ina jiran a jajanta mini. Ina! Baba ya miƙe tsaye yana tafi. “Har Zurmi! Hajiya kin ji? Jaririn ma ta tuna! Wane ɗan wasa ne a ƙasar ga aka riƙe haka?” Har da ɗan taka rawa, tsoho da shi. Na ce, “Baba, aurena fa ke wargajewa!” Ya ce, “Na sani, Auta, na sani, Allah shi kyauta. Amma ka ce kuka tay yi?”

Inna ce ta daka masa tsawa ya zauna. Ta ce ita za ta je ta warware wannan shirme da bakinta.

Zuwan Inna Zurmi kuwa sai da ya zama biki. Kafin mu sauka daga mota labari ya zaga, tsofaffin mata suka cika gidan, wannan ta kawo fura, wannan ƙwai, wata har da kaza a hammata. Tsohuwa ta rungume ta tana duba hannuwanta ko akwai tabo. Inna ta zauna ta yi bayani tiryan-tiryan: mijinta ko kaza bai iya yankawa, shi ke haɗa mata shayi, ita ce ma ke tsara abin da zai yi mata a wasan. Tana faɗa matan na girgiza kai suna matsar ƙwalla. Da ta gama, tsohuwa ta dubi sauran ta ce, “Kun gani ko? Har yau ruhe mai asiri take yi. Irin matan ga sun ƙare.” Duk yabon da Inna ta ƙara, sai ya ƙara wa Baba laifi.

Daga ƙarshe tsohuwa ta yanke hukunci. Ta ce albarkacin baiwar Allah za ta duba maganar, amma da sharaɗi. Shi mutumin ya zo da ƙafarsa, ya durƙusa a tsakar gidan nan, ya roƙi matarsa gafara a gaban idonta. In ya yi, ta san ana iya tanƙwara jinin gidan. In bai yi ba, kowa ya kama gabansa.

Na ɗauka Baba zai ce an raina shi. Wa ya gaya maka! Ya ce shekara da shekaru ba a ba shi fitowa mai kyau irin wannan ba. Ya sa aka tono tsohuwar hular daga ƙasan adaka, duk asu ya ci gefenta. Kwana da kwanaki suna gwaji a tsakar gida, Inna na zaune a kujera tana gyara masa: “Ka cika rawar murya. Kada ka yi kuka da wuri. Miya za ka fara ambata, sannan akuya.” Ni aka ba ni matsayin tsohuwa, na yafa zane ina harararsa, yayyena mata na kwance a ƙasa don dariya. Ko a mota ranar tafiyar bitar yake yi, har direba ya kusa sakin hanya.

Da muka shiga gidan, ba masaka tsinke. Baba ya karkata hula, ya ɗaure fuska, ya tako irin takun nan nasa. Wata tsohuwa ta ce “A’uzubillahi,” wata ta janye butarta daga hanya. Na ga gefen bakinsa na rawa don daɗi. Aka shimfiɗa wa Inna tabarma kusa da kakar, shi kuma ya durƙusa a ƙasa.

Kai, Baba ɗan wasa ne! Ya fara da miya, ya bi da akuya, ya zo kan maganin jariri ya nuna ni da yatsa, murya na karyewa daidai inda aka koya masa. Inda ya manta, matan suka tuna masa. “Saura ranar da kak kulle ta waje cikin ruwa!” “Saura zanen sallarta da kab ba ƙanwarka!” Kowanne ya amsa ya ce ya tuba. Inna ta sunkuyar da kai tana sharar hawayen aiki, ni kuma ina cizon leɓe kada dariya ta kuɓuce mini. Ya rufe da “Ki gafarta mini,” ya ɗan saci kallona, irin na ka ga aiki ko.

Tsohuwa ba ta motsa ba. Ta ce, “Wanga duk mun gani. Saura wanda akwatin bai nuna muna ba.”

Wannan ba ya cikin gwaji. Baba ya kalli Inna yana jiran ta jefo masa layi, ita kuwa kanta na ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, aure ya tafi. Ina ta addu’a ya ƙirƙiro ko mene ne, ya ce ya taɓa ɓoye mata nama, ya ce komai.

Sai ya sa hannu ya cire hular ya ajiye a ƙasa. Da ya buɗe baki, muryar gida ce ta fito, wadda yake kiran Inna da ita in ya ga tsaka.

Ya ce, “Hajiya, ranar da mahaifiyarki ta rasu, ɗan aike daga Shinkafi da sassafe ya iso, ba da la’asar ba. Ni ya samu a ƙofa. Ya ce tana kiran sunanki. Na ce ya jira a gama ɗauka, don rana ɗaya ake ba mu a sati. Na ce miki bai daɗe da zuwa ba. Da na faɗa miki da safen, da kin same ta da rai. Ni na hana ki. Ki yafe mini don Allah.”

Ban taɓa jin wannan magana ba, yayyena ma ba su taɓa ji ba. Na dubi Inna, matar da ke iya zubo hawaye kafin ka ƙifta ido, na ga idonta a bushe ƙamas. Sannan ta ce, “Na sani, Malam. A mota ɗan aiken ya gaya mini, tun ranar. Jira nake in ji daga bakinka.” Sai a nan muryarta ta karye. “Ka daɗe ƙwarai. Na yafe.”

Tsohuwa kuwa kuka take yi a hankali, ba irin na ranar da ta ga jariri ba, kuma na san ba Baba kaɗai take kallo ba. Can ta fyace hanci da gefen zane ta ce, “Tashi, bawan Allah. Ni nawa bai hwaɗi ba har anka rufe shi.” Ta waiwayo gare ni. “Kai kuma mijina, na ba ka ita. In ka ɓata mata rai, kada ka kai shekarun ubanka ba ka buɗe baki ba.” Wata ta rangaɗa guɗa, gida ya kaure, na hango yarinyar a bakin ƙofar ɗaki ta rufe fuska da mayafi kafaɗunta na rawa.

An ɗaura auren bayan sallar layya, kuma tsohuwa da kanta ta ce in yi waƙa a bikin, ta saurara har ƙarshe ta ce ba laifi. Amma abin da ya fi zauna mini shi ne komawarmu gida a ranar nan. Ina gaba kusa da direba, su biyu suna baya. Baba ya mayar da hular kansa, a karkace yadda ya saba, yana kallon gonakin dawa ta taga. Ta madubi na ga Inna ta dube shi ta ce, “Ka yi saurin cire hular, da ka bari sai ƙarshe.” Ya ce, “To, Hajiya.” Sai ta miƙa hannu, a gabana da direba, abin da ban taɓa gani ba tun da aka haife ni, ta daidaita masa ita a kai.